Saiwar da Ba a Ga Ganyenta Ba

Tun tana ƙarama ake kiranta Zomanya, kuma ba don gudu ba ne, don firgita ne. In murfin kwano ya faɗi a tsakar gida, kafin ya gama kaɗawa ta kai bayan ƙofa. Tana tsoron tsawa, tana tsoron karen maƙwabta wanda tsufa ya zubar wa haƙora, tana tsoron tsallaka kwata in ruwa ya cika ta. Furfura ta zo ta same ta a haka. Mutanen unguwa sun saba ganinta a bakin titi ta ƙame, tana jiran motar da ke can nesa ta zo ta wuce tukuna. Abin da ya fi ba su dariya shi ne, wannan matar ce ke shiga kurmi ita kaɗai, wurin da maza masu gemu sai sun haɗa ayari, kuma ta yi shekara arba'in da 'yan kai tana shiga.

Babanta ne ya jawo mata. Mai haƙar saiwa ne, kuma 'ya'yansa biyu rak, ita da Yayanta da ya ba ta shekara shida. Shi Yaya bai san wani abu wai shi tsoro ba. Yana kama maciji ta wutsiya, yana hawa itacen da biri ma sai ya yi shawara. Kowa ya ɗauka shi zai gaji sana'ar, har shi kansa. Wata safiya Baba ya kai su kurmi su biyun, ya ce kowa ya haƙo masa saiwar mai-huɗu. Yaya ya kawo uku tun Zomanya tana tsaye gaban itacen farko tana ƙirga ganye karo na uku. Baba ya bi ramukan Yaya ɗaya bayan ɗaya yana duba itacen da ke kai. A rami na biyu ya daɗe a tsugune. Bai daki kowa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya karɓi dagi daga hannun Yaya ya miƙa wa yarinyar da ba ta iya ko ɗaga shi sosai.

"Wannan aikin na matsorata ne," in ji shi. "Kai ka nemi wani."

Yaya ya yi kwana biyu bai ci abincin gidan ba. Daga baya ya tafi birni ya koyi gyaran agogo, kuma ya yi shekaru yana gaida ƙanwarsa da baki kawai.

Mai-huɗu sunan da Baba ya sa wa itacen ne. Wasu suna da nasu sunan, amma a gidansu ba a taɓa kiransa da wani abu daban ba. Ba babban itace ba ne. In ya yi tsawo ƙwarai ya fi mutum da kamu uku, kuma ba ya son rana ko kaɗan. A ƙarƙashin manyan itatuwa yake zama, inda ƙasa baƙa ce mai danshi, kusa da rafi amma ba a cikin ruwa ba. Rani da damina ganyensa kore ne shar, mai sheƙi, ba ya kaɗewa. In ka tsinke ganyen, wani farin ruwa mai danƙo ya fito. Farkon damina yana yin ƙananan furanni farare da sai ka sunkuya kake jin ƙanshinsu, sannan ya yi 'ya'ya bibbiyu, su fara da kore su ƙare da ja, tsuntsaye su cinye su kai irin wani wuri. Ana dafa ganyen a wanke kai da shi don ƙwarƙwata, ana shafa farin ruwan a makero. Amma abin da ake wahalar shiga kurmi dominsa shi ne ɓawon saiwar. Mai ciwon kai irin na hawan jini, da wanda barci ya ƙaurace wa, su ne ke nemansa.

Matsalar ita ce yana da maƙwabci, wanda Baba ke kira sojan gona. Tsayinsu ɗaya, ɓawonsu ɗaya, farin ruwan ɗaya, kuma inda wannan ya tsiro nan wancan ke son tsira. Saiwarsu in ɗanya ce ko Baba ba ya iya rarrabewa. Sai ta kwana ta sha iska sannan bakin yankan ya nuna: na mai-huɗu ya tsaya ruwan ƙwai mai haske, na sojan gona ya koma ja kamar tsatsa. Wanda ya sha ruwan sojan gona, zuciyarsa za ta yi ta rage gudu har ta tsaya. A tsaye kuwa ganye ne kaɗai ke raba su. Mai-huɗu ganye huɗu ne ke kewaye kowace gaɓa, sojan gona biyu ne suna fuskantar juna.

Saboda haka Baba ya kafa mata doka, kuma bai taɓa sassauta ta ba. Ba a haƙar saiwar da ba a ga ganyenta ba. A ƙirga ganye, a bi jikin itacen da hannu har ƙasa, a haƙa ta gefe ɗaya kawai, a yanki saiwa mai kaurin yatsa, a mayar da ƙasa a taka, kada a sake taɓa wannan itacen sai bayan shekara biyu. Sannan kafin a miƙe daga tsugune, a yanki ɗan reshe daga jikin itacen nan ɗin, a ɗaure shi da saiwar. Duk wanda ƙullin ya je hannunsa, ya ƙirga da kansa.

Haka ta yi ta yi. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu, 'ya'yan suka bazu neman na kansu, ita kuma tana nan da daginta da 'yar wuƙarta da tsohon buhu. Kada a ce sabo ya cire mata tsoron kurmi, don bai cire ba. Duk ranar shiga, tun da asuba take cikin fargaba. Tana tafe tana dukan ciyawa da sanda, tana tarin ƙarya don macizai su ji su kauce. In busasshen reshe ya faɗo, sai ta tsaya ta dafe ƙirji har ta dawo hayyacinta. Amma a shekarun nan duka ba a taɓa cewa wani ya sha saiwar Zomanya ya kwana da ko ciwon ciki ba, kuma a ranta tana alfahari da wannan fiye da yadda take nunawa.

Saiwar ce ma ta dawo mata da Yayanta. Bayan ya yi shekara talatin yana leƙen cikin agogo, idanunsa suka fara hazo, suka zo suka rufe gaba ɗaya. Matarsa ta riga ta rasu, sai 'yarsa tela ce ke riƙe da shi a garin da ke da tafiyar awa uku a mota. Ga makanta ga hawan jini. 'Yar tana kai shi asibiti yana karɓar ƙwayoyinsa, amma ya ce shi kansa ba ya daina sarawa kuma barci ba ya zuwa sai da abin da Baba ke ba mutane. Ranar da saƙon ya iso wa Zomanya sai da ta zauna ta yi kuka, don wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a wurinta. Daga nan duk wata take kai masa ƙulli da kanta. Ya karɓa, ya lalubi reshen da yatsun nan nasa da suka saba da ƙananan kusoshi, ya ƙirga sau ɗaya, ya yi dariya.

"Huɗu," yakan ce. "Baba ya yi gaskiya."

Shekara tara ana wannan, kuma ba ta taɓa gajiya da jin kalmomin ba.

Sai aka wayi gari masu yankan katako sun shiga kurmin. Mako biyu aka hana kowa bin hanyar. Daga ɗakinta tana jin kukan injin, tana jin ƙasa na amsawa duk lokacin da babban itace ya faɗi. Ranar kai wa Yaya ƙulli ta zo ta wuce. Tela ta bugo wa maƙwabciyarta waya, aka kira Zomanya.

"Goggo, na Abba ya kusa ƙarewa. Kwana uku ke nan yana zaune riƙe da kai. Bai ce in kira ki ba, kin san halinsa."

Ranar da aka buɗe hanya ita ce ta farkon shiga. Da ta kai wurin sai ta tsaya ta rasa inda take. Inda ta saba shiga duhu mai sanyi, rana ce ƙwal a tsakar kai. Manyan itatuwan sun tafi, sai kututturai da tarin rassa. Ƙananan kuwa an sassare su da adda don a samu hanyar jan gumagumai, ba a bar ko ɗaya a tsaye ba. Tarakta ta ture duwatsun da take gane wuri da su. Ta yi ta zagaye har rana ta yi tsaka, ba ta ga mai-huɗu ko ɗaya da ganye a jikinsa ba. Akwai wasu can ƙetaren rafi, ta sani, amma tafiyar rabin yini ce cikin kurmin da ba ta taɓa shiga ba, kuma da ta kalli bakinsa sai ta juya.

Sai ta tuna da wani tsohon mai-huɗu da ta haƙa ya fi sau goma sha biyar, taku goma sha ɗaya daga gindin wani ƙaton itace, ta wajen rafi. Ta samu kututturen da ta ɗauka na ƙaton ne, ta ƙirga taku goma sha ɗaya, ga kuwa ɗan kututture iya gwiwa, ɓawonsa daidai, farin ruwan ya bushe a bakin saran. Ta daɗe a tsaye a kansa. Ta ce wa kanta ai ta san itacen nan kamar ɗan cikinta. Ta ce wa kanta Baba bai taɓa ganin rana irin wannan ba, da ya gani da ya sassauta. Ta tuna Yaya zaune riƙe da kai. Ta tsuguna ta haƙa.

Da ta yanko saiwar hannunta ya kai sama da kansa neman reshe, ya kamo iska. Nan ne fa ta yi abin da ya fi haƙar muni. Ta san in ƙullin ya je babu ganye Yaya ba zai sha ba, kuma zai tambaye ta dalili. Ta duba cikin tarin saran da ke gefe, ta ga wani reshe mai ganye huɗu-huɗu, ya ɗan yi yaushi. Ta ce ai daga jikinsa aka sare shi, in ba haka ba daga ina? Ta ɗauka ta ɗaure.

A ƙa'ida sai saiwa ta yi kwana uku a kan faifai kafin ta bar ɗakinta. Wannan karon ta raba ta biyu, ta shanya rabi, ta naɗe rabin mai ganyen a takarda. Kuma a karo na farko cikin shekara tara ba ta kai da kanta ba. Ta je tasha bayan azahar ta ba direban motar da ta saba shiga, ta ce ya miƙa wa tela, ya ce mata a dafa yau-yau. Ta gaya wa kanta gajiya ce ta hana ta tafiya. Gaskiyar ita ce ba ta son ta zauna tana kallon yatsunsa a kan reshen.

Da gari ya waye ta fito da faifan don ta sa a inuwa. Ta juya guntun saiwar da yatsa. Bakin yankan ja ne.

Ta kai shi bakin ƙofa inda haske ya fi, ta goge da gefen zaninta ko ƙasa ce. Ta yi masa tofi ta sake gogewa. Jan yana nan, har ya fara shiga cikin ɓawon. Ta ji tsakar gidan na juyawa da ita. Duk tsoron da ta yi a rayuwarta, na tsawa da na kare da na maciji, ashe wasa ne. Yaya yana shan kofi ɗaya da yamma, ɗaya da safe. Ƙullin ya isa hannunsu tun jiya kafin faɗuwar rana.

Ta faɗa gidan maƙwabciya ko sallama babu.

"Kira mini tela."

Aka kira, wayar a kashe. Aka sake, a kashe. Maƙwabciyar ta ce ƙila ba su da wuta ne, ta tambaye ta ko lafiya. Zomanya ba ta tsaya bayani ba. Ta cusa jan guntun a bakin zani ta fita, takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya na wani. Masu shagon bakin titi sun daɗe suna ba da labarin ranar da suka ga Zomanya ta ratsa titi ba ta duba ko'ina ba, har wani mai babur ya zage ta.

A tasha ta tarar da direban jiya yana jiran mota ta cika.

"Ka ba ta?"

"Hannu da hannu, Mama. Na gaya mata kin ce a dafa yau-yau, ta ce to."

Ta so a ce ya manta. Direban nan ya sha manta saƙon mutane a ƙarƙashin kujera har mako, amma nata ya kai. Ta shiga ta zauna a gaba, wurin da ko kyauta ba ta yarda ta zauna. Saura mutum huɗu motar ta cika, kuma mutum huɗun nan sai da suka ɗauki kusan awa. Tana kallon wani mutum yana cinikin lemo a tsanake kafin ya shigo, ta ji kamar ta sauka ta shaƙe shi.

Da aka hau hanya ta ce wa direban ya ƙara wuta. Ya juyo ya dube ta sosai.

"Mama, ke ce kuwa? Shekara nawa kina ce mini in bi a hankali kina da jikoki?"

"Ka taka kawai, ɗana."

Ya ga fuskarta, ya bar wasan, ya taka. Duk da haka hanyar ba ta ƙarewa. Ga ramuka, ga wata babbar mota da ta lalace ta tare rabin gada, ga fasinja da ya ce sai an tsaya ya kama ruwa. Ita kuwa lissafi take yi. Baba ya taɓa gaya mata yadda abin ke tafiya, don ya ga wani da ya sha: farko mutum ya ji sanyi da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, mutanen gida su ji daɗi wai yau ya samu barci. Wannan ne ya fi tsaya mata a rai. Tela za ta leƙa ta ga ubanta yana barci bayan kwana uku, ta ja ƙofa a hankali, ta ce Allah ya saka wa Goggo da alheri.

Rana ta kusa tsaka lokacin da ta shiga layinsu. Tun daga bakin layin ake jin keken ɗinkin tela kullum. Yau shiru. Ƙofar shagon a rufe. Ta tura ƙofar gidan. A tsakar gida ga 'yar tukunyar da ake dafa masa saiwa a kan murhu, wutar ta mutu, ɗan ruwa mai duhu a gindinta. Ga kofinsa a kan kujera, an shanye.

Ɗakin Yaya cike yake da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, yana murɗa su da lalube kowace safiya. Suna ta bugawa, kowanne da nasa lokacin. Yana kwance a gado, fuska ga bango, an lulluɓe shi har kafaɗa da rana tsaka. Ta tsaya a ƙofa. Ta so ta kira shi, ta ji tsoron kada ta kira a yi shiru. Ta zuba wa mayafin ido ko zai motsa, amma idanunta sun cika da ruwa, komai rawa yake yi. Ta matsa taku ɗaya, ta ƙara ɗaya, ta miƙa hannu.

"Tun daga ƙofar gida nake jin hakinki," in ji shi, bai juyo ba. "Zauna kafin ki faɗo mini."

Ba ta zauna ba, zubewa ta yi a ƙasa.

"Yaya, ka sha?"

"Na sha."

Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ragowar na wancan watan. 'Yarki ta kaɗe gindin gwangwani ta dafa mini. Ta fita sayo zare, yanzu za ta dawo."

Ya tashi zaune a hankali, ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo ƙullin, a ɗaure yadda ta ɗaure shi. Ya ajiye a cinya. Daga inda take tana ganin jan bakin saiwar, wanda shi ba zai taɓa gani ba.

"Na ƙirga," ya ce. "Huɗu ne. Har na miƙa mata, har ta wanke tukunya. Sai da ta karɓa na ji ganyen ya yi ƙara a hannunta. Na ce ta dawo da shi. Saiwa ɗanya, jiya aka haƙo ta, ganye kuwa ya yi mako a rana. Na taɓa gindin reshen, saran adda ne. Shekara tara ina taɓa yankan wuƙarki, na san shi."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da nata guntun, ta sa masa a hannu, duk da ta san ba abin da zai gani.

"Ja ne, Yaya. Sojan gona ne."

Ta gaya masa duka: injin, da kututturai, da taku goma sha ɗaya daga gindin da ba shi ba ne, da ƙetaren rafin da ta kasa shiga. Ba ta rage komai ba. Yana saurare yana juya guntun a tsakanin yatsu.

"Jiya ban runtsa ba," ya ce da ta gama, "kuma ba ciwon kai ne ya hana ni ba. Na yi ta tunanin ko idonki ne ya fara tafiya irin nawa kika ɓoye. Na ce ƙila reshen ya faɗi ne kika lalubo wani ba ki sani ba. Wallahi na fi son a ce hakan ne."

"Idona lafiya lau."

"Na gane tun da kika aiko direba."

Ya ajiye guntun a cinya, agogunan suna ta aikinsu.

"Kuskuren saiwa kowa na iya yi. Ni na yi, a kansa aka karɓe mini dagi. Amma ganyen nan, Zomanya, ba kuskure ba ne. Kin san zan ƙirga, kika ba ni abin ƙirgawa."

"Na ji tsoron in babu ganye ka ƙi sha, ga kanka yana ciwo."

"Shi ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta fiye da tsoron da ta zo da shi.

"Na ji tsoron ka ce Baba bai yi gaskiya ba."

Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Ya miƙo mata ƙullin da guntun, ya ce ta ƙone su da kanta kafin yarinyar ta dawo, kada a bar toka inda kaji za su tona. Ta hura murhun ta jefa su ciki. Da tela ta shigo ta ga Goggo da takalma daban-daban tana kuka a gaban wuta, Yaya ya ce daga ɗaki hayaƙi ne, a kawo mata ruwa.

Bayan kwana huɗu Zomanya ta ƙetare rafin. Ba jarumta ba ce ta zo mata, don tana tafe tana kuka tana dukan ciyawa, sau biyu tana juyawa ta sake dawowa. Da rana ta karkata ta samu mai-huɗu a inuwar wasu manyan itatuwa, su ma an riga an shafa musu jan fenti a jiki, alamar layi ya kusa zuwa kansu. Ta zaɓi wani matashi iya ƙugu, wanda rana za ta kashe ko da ta bar shi. Ba ta yanki saiwa ba, ba ta yanki reshe ba. Ta haƙe kewayensa ta ciro shi ɗungurungum, daga jijiya har toho, don kada a samu ƙulli ko ɗaya tsakanin saiwar da ganyenta. Ta bar shi kwana uku a ɗakinta, kullum da safe tana duba bakin jijiyar da ta katse. Ya tsaya ruwan ƙwai. Ta naɗe shi a buhu ta riƙe a cinya har awa ukun motar.

Yaya yana zaune a bakin gado lokacin da ta ɗora masa shi a hannu. Ya gane abin da ta yi tun kafin ta yi magana. Ya kama ƙarshen saiwar, ya bi ta da yatsu a hankali, ya wuce gindi, ya hau jikin itacen, yana tsayawa a duk inda ya ji ƙari ko tabo. Tela ta tsayar da keken ɗinki ta zo bakin ƙofa. Zomanya ta riƙe numfashi har yatsun suka kai gaɓar farko suka taɓa ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Huɗu," ya ce.

Ta jira ragowar maganar. Sai ta ga yatsunsa sun koma ƙasa, sun kama ƙarshen saiwar, sun fara daga farko.